Ɗalibin da Ya Bar Amurka Ya Biyo Nkrumah

Iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, mu 'yan ajin ƙarshe bana mun zaɓi tarihin Kwame Ture. Da jin sunan za ku ce ɗan Gana ne, to ba haka ba ne. Sunansa na yanka Stokely Carmichael, an haife shi a tsibirin Tirinidad ranar 29 ga Yuni 1941. Yana da shekara 11 ya bi iyayensa Amurka.

A 1960 ya shiga Jami'ar Howard a Washinton. Lokacin nan a kudancin Amurka, baƙin mutum ba ya zama inda farar fata ke zama, ko a mota ko a gidan abinci. A 1961 ya bi sahun ɗaliban da suka riƙa shiga motoci da jiragen ƙasa, baƙi da farare tare, don su karya wannan wariya. Aka kama shi a jihar Misisifi, ya kwana 49 a gidan yarin Parchman. Ku duba fa, a can ya cika shekara 20.

Da ya gama karatu a 1964, sai ya ba da ƙarfinsa ga ƙungiyar ɗalibai ta SNCC. A gundumar Lowndes ta jihar Alabama baƙaƙe ne suka fi yawa, amma kusan babu ko ɗayansu a rajistar zaɓe. Shi da abokansa suka riƙa bi gida-gida har mutane suka yi rajista, suka kafa jam'iyyarsu mai alamar baƙar damisa. A 1966 ya karɓi shugabancin SNCC daga hannun John Lewis, ya fara kira ga baƙaƙe su riƙe ikon kansu da kansu. Wannan kira ya raba shi da wasu tsofaffin abokan tafiya, hukuma kuma ta sa masa ido.

To, ina waɗannan ɗalibai suka ƙare? Marion Barry, shugaban SNCC na farko, ya zama magajin garin Washinton. John Lewis ya shiga majalisar dokokin Amurka a 1987, yana ciki har ya rasu a 2020. Shi kuwa Carmichael gani ya yi 'yancin baƙin Amurka ba zai tsaya da ƙafarsa ba muddin Afirka na rarrabe.

A nan labarin ya taɓo mu. A Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Kwame Nkrumah, Shugaba Sekou Toure na Gini ya ba shi masauki a Konakiri. A 1968 Carmichael ya auri mawaƙiya Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu, auren da ya sa aka yi ta soke wasanninta a Amurka. A 1969 suka tare a Gini, ya zauna kusa da Nkrumah yana ɗaukar darasi. Nkrumah ya rasu a 1972. Daga baya Carmichael ya haɗa sunayen dattawan biyu ya raɗa wa kansa Kwame Ture. Sauran rayuwarsa ta tafi wajen yawon lacca da gina jam'iyyar haɗa kan Afirka da Nkrumah ya tsara.

Ba mu ce ba shi da laifi ba. Gwamnatin Toure ta tsare dubban mutane a sansanin Boiro, da yawa a can suka mutu, kuma an zargi Ture da yin shiru. Shi ma ya ɗanɗana: a 1986, bayan mutuwar Toure, gwamnatin soja ta tsare shi 'yan kwanaki. Duk da haka bai kwashe kayansa ba. Ciwon daji ya kama shi, ya nemi magani a Kyuba da Amurka, sannan ya koma Konakiri ya rasu ranar 15 ga Nuwamba 1998, yana da shekara 57. A can aka binne shi.

Mun yi gardama sosai a aji. Wasunmu sun ce Lewis ya fi shi, tunda ya zauna gida ya yi gyara daga ciki. Wasu suka ce Ture ne ya riƙe alkawari. Har muka rufe littafin nan ba mu daidaita ba. Ku karanta wa iyayenmu a zango, musamman waɗanda suka ga zamanin Nkrumah, mu ji ta bakinsu.