Wolfgang Paul: Bajamushen da ya ɗana wa ƙwayar zarra tarko

A ranar 7 ga Disamba, 1993, Farfesa Wolfgang Paul ya rasu a birnin Bonn na ƙasar Jamus yana da shekara 80. Har gobe, da yawa daga cikin ɗakunan binciken da ke tsare ƙwayar zarra guda ɗaya domin nazarin hasken da take fitarwa, da na'urar da ya ƙirƙira suke aiki.

An haife shi ranar 10 ga Agusta, 1913, a ƙauyen Lorenzkirch, ya kuma tashi a birnin Munich, inda mahaifinsa ke koyar da ilimin haɗa magunguna a jami'a. Da ya kammala sakandare, fitaccen masanin nan Arnold Sommerfeld ya ba shi shawarar ya fara koyon ƙera na'urori da hannu kafin shiga jami'a. Ya bi shawarar, sannan ya karanci fiziks a Munich da Berlin. A 1952 ya zama farfesa a Jami'ar Bonn.

A can ne ya tunkari wata tsohuwar matsala. Idan ƙwayar zarra ta rasa ɗaya daga cikin ilektoron ɗinta, takan ɗauki cajin lantarki, sai a kira ta ayon. Tun 1842 masanin lissafi Samuel Earnshaw ya tabbatar da cewa ƙarfin lantarki mai tsayawa cak ba zai iya riƙe abu mai caji a wuri ɗaya ba. In an matse shi ta nan, sai ya sulale ta can.

Paul ya bayyana mafitarsa da misalin sirdi, abin da duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo a Yola ya sani. Sirdi yana da tudu gaba da baya, yana da gangare dama da hagu. In aka ɗora masa ƙwallo, sai ta gangara gefe ta faɗi. Amma in ana juya sirdin da saurin da ya dace, kafin ƙwallon ta gangara, gangaren ya koma tudu, sai ta zauna a tsakiya. Haka na'urarsa take: ƙarfin lantarkin yana sauya fuska sau miliyoyi a daƙiƙa guda, ayon ɗin ya rasa hanyar fita.

Amfanin wannan tarko ya fito fili a 1980, lokacin da masana a Heidelberg, ciki har da Peter Toschek da Hans Dehmelt, suka tsare ayon guda ɗaya tal na sinadarin bariyam, suka haska shi da leza, suka ɗauki hotonsa. A 1987 kuma Frank Diedrich da Herbert Walther suka nuna cewa ayon ɗaya yana sakin haskensa ne ƙwaya-ƙwaya, ɗaya bayan ɗaya, domin dole ya sake karɓar kuzari kafin ya saki ta gaba. Kan wannan tubali ake gina wasu daga cikin agogunan da suka fi kowanne daidaito, da wani nau'in kwamfutar kwantum. A 1989 Paul da Dehmelt suka raba rabin kyautar Nobel, Norman Ramsey ya karɓi ɗaya rabin.

Tarihinsa yana da wani babi mai nauyi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi bincike kan rarrabe nau'o'in ƙwayoyin zarra, ilimin da ake buƙata wajen haɗa makamin nukiliya. A watan Afrilun 1957, da gwamnatin Konrad Adenauer ta nuna sha'awar bai wa sojojin Jamus ta Yamma irin wannan makami, Paul yana cikin masana 18 da suka sa hannu a sanarwar Göttingen, suka ce ba za su sa hannu a ƙera shi ba.

Daga 1979 zuwa 1989 ya shugabanci Gidauniyar Alexander von Humboldt, wadda ke ɗaukar nauyin masana daga ƙasashen duniya, har da Najeriya, su je Jamus bincike. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, in ya kai babin tsare ayon, zai tarar ana kiran na'urar da sunan tarkon Paul.