Seth Lover: Injiniyan da ya raba jitar lantarki da ƙugi

Masu sha'awar kiɗan rock na shekarun 1960 da 1970 sun san sunayen makaɗa irin su Eric Clapton da Jimmy Page, amma kaɗan ne suka san Seth Lover, injiniyan da ya ƙera na'urar da ke fitar da kakkauran amon jitarsu.

An haifi Lover a ranar 1 ga Janairun 1910 a garin Kalamazoo da ke jihar Michigan ta Amurka, inda masana'antar kamfanin Gibson take a lokacin. Tun yana saurayi ya ƙware a gyaran rediyo. Ya fara aiki da Gibson a 1941, ya yi aikin sojan ruwa, daga bisani ya sake komawa kamfanin.

A wancan zamani jitar lantarki na da wata matsala da ta addabi makaɗa. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai na'urar ɗaukar sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta girgiza, sai na'urar ta mayar da girgizar zuwa lantarki, lasifika kuma ta fitar da amo. Sai dai naɗi guda yakan kwaso har da ƙugin wayoyin wuta da fitilun da ke kusa, kuma da zarar an ƙara murya sai ƙugin ya ƙaru.

Shugaban Gibson, Ted McCarty, ya ɗora wa Lover alhakin magance wannan. Dabarar da ya fito da ita ita ce haɗa naɗi biyu gefe da gefe, kowanne yana kishiyantar ɗan'uwansa a lantarki da kuma fuskar maganaɗisu. Ta haka ƙugin da ɗaya ya kwaso yake kashe na ɗayan, amon tsirkiya kuwa ya ƙara kauri. Aka sa wa na'urar suna humbucker.

An nemi rajistar mallakar ƙirƙirar a 1955, ba a samu ba sai a 1959, kuma haƙƙin na kamfanin ne. Tun daga 1957 aka fara ɗora ta a kan jitar Les Paul, da ɗan tambari mai nuna cewa ana jiran rajista. Daga nan laƙabin PAF ya samo asali.

A yau mai son mayar da jitarsa ga amon wancan zamani yakan canza na'urarsa da wadda aka kwaikwaya daga PAF, domin ta asali ta yi tsada ƙwarai. Abin lura shi ne, na'urorin farko ba su zama bai ɗaya ba: yawan naɗin waya da irin maganaɗisun sun bambanta daga wannan zuwa waccan. Saboda haka mai saye ba shi da ma'aunin da ya wuce kunnensa.

A 1967 Lover ya koma kamfanin Fender, babban abokin hamayyar Gibson, inda ya ƙera wata na'urar mai suna Wide Range. Bayan ya yi ritaya ya haɗa hannu da Seymour Duncan, suka fitar da na'ura mai ɗauke da sunansa, kusan shekara 40 bayan ƙirƙirarsa ta farko.

Ya rasu a California a ranar 31 ga Janairun 1997, yana da shekara 87.