Tarihin Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo, Jagoran Ƙadirawa Ran Tabkin Kwatto

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen labari ne na Malam Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda a ke kira Abdullahin Gwandu, Allah ya ji ƙansa.

An haife shi cikin shekara ta 1180 ta Hijira, watau wajen 1766. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, ya kuwa lizimce shi, a zaune da a tafiye. Ya sha nahawu da lugga da fiƙihu da tafsiri, ya kuma durƙusa gaban Malam Jibrila ɗan Umaru. Shehu mai riƙo ne da ɗariƙar Shaihu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, almajiransa ma haka, saboda haka a ke ce musu Ƙadirawa, su kuwa suna kiran kansu Jama'a. Cikinsu akwai Fulani da Hausawa da Azbinawa, malami ɗaya da wuridi ɗaya suka mai da su 'yan'uwan juna.

A zamanin nan Zamfara tana hannun Gobir, tun da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara ya gina Alƙalawa. Shehu ya yi kamar shekara 5 yana wa'azi cikin ƙasar, Abdullahi na tare da shi, a nan kuma suka ji karatun Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Cikin almajiran wannan yanki har da Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda daga baya ya kafa Gusau, ƙasar da Wanke ta ke ciki. Wajen 1788 Abdullahi ya raka wansa Magami, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya roƙa a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Bayan Bawa al'amari ya sake. Nafata ya hana kowa wa'azi sai Shehu, ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, rundunarsa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta biyo da kamammu ta gefen Degel. Mutanen Degel suka kasa daurewa suna ganin 'yan'uwansu a ɗaure, suka fita suka kwance su. Daga nan zama ya ƙare. Cikin watan Zulƙida na 1218, watau Fabrairu 1804, Jama'a suka yi hijira zuwa Gudu. A can suka fita daga biyayyar Gobir, suka naɗa Shehu Sarkin Musulmi, Abdullahi ne kuwa ya fara miƙa hannu ya yi masa mubaya'a.

Yunfa ya taso da Gobirawa da Azbinawa masu taimakonsa, da dawaki masu lifidi. Shehu ya ɗora ƙanensa bisa rundunar Jama'a, tare da Muhammadu Bello da Aliyu Jeɗo. Aka gamu a Tabkin Kwatto ran Alhamis 12 ga Rabi'ul Awwal 1219, daidai da 21 ga Yuni 1804. Jama'a ba su da doki sai kamar 20, galibinsu 'yan ƙasa ne masu baka da kibiya, malamai da almajirai da makiyaya, ga yunwa ga gajiya. Dawakin Gobir suka matsa ɓangaren dama da na hagu har suka cusa su cikin tsakiya. A irin wannan hali ne taron da haɗama ta tara ya kan watse, kowa ya nemi inda zai tsira da ransa. Waɗannan kuwa kowannensu ya san na kusa da shi tun a zauren karatu, kunya da amana suka hana su juya baya. Suka dunƙule wuri guda suna sakin kibau har dawaki suka karye, Yunfa ya gudu ya bar kayansa. Malam Abdullahi ya kwatanta ranar da ranar Badar. Daga nan Jama'a ta zama mai mulkin kanta, waɗanda su ke jiran su ga inda rinjaye zai faɗa suka yi ta shigowa.

Amma wahala na gaba. A ƙarshen 1804 aka yi musu ɓarna a Tsuntsuwa, mutum kamar 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Jama'a suka komo Zamfara suka sauka Sabon Gari, daga nan ne Abdullahi ya fita ya ci Birnin Kabi cikin 1805. Kafin shekarar ta ƙare aka sake karya su a Alwasa. Malam ya duba ya ga abokansa na farko sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu da yawa ganima da sarauta su ke nema. Abin ya dame shi ƙwarai, har wajen 1807 ya bar runduna ya nufi Makka. Da ya iso Kano mutanenta suka tsai da shi, ya karanta musu tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami domin masu mulki su san iyakar da shari'a ta sa musu, sa'an nan ya komo wurin Shehu.

Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, aka kashe Yunfa. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Bello, zukata suka ɗan yi nisa tsakanin ɗa da baffansa. Abdussalami kuma, wanda aka tashi domin mutanensa, ya yi tawaye ya mutu a Bakura, sauran mabiyansa suka kafe a Kalambaina suka gagari Abdullahi. Bello ya kawo masa gudummawa aka ci garin. Da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Malam ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Da wannan ya ɗinke ɓarakar da ta kusa raba Jama'a biyu.

Sauran kwanakinsa ya ƙare su a Gwandu yana karantarwa da rubutu. Ya bar tafsirinsa Liya'ut Tawili, da Bahrul Muhiɗi na nahawu, da Hisnur Rasini na sarfu, da Tazyinul Waraƙati inda ya ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe. Ya rasu cikin 1245, watau 1829, kabarinsa yana Gwandu. Allah ya gafarta masa, ya ba mu albarkacin karatunsa, ya sa mu riƙe amanar 'yan'uwa a makaranta da kasuwa, amin. Tamat.