Pestalozi, Uban Marayu

'Yan'uwana ɗalibai, da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji ɗaya. A cikinsu akwai wata yarinya wadda ta yi mako biyu ba ta buɗe baki ba. Na yi tsawa, na yi barazana, duk a banza. Da na koma karatu sai na ci karo da labarin Johann Heinrich Pestalozi, shi ne na ga ya kamata in ba ku.

An haife shi a birnin Zurik, ƙasar Suwizalan, cikin 1746. Yana da shekara 5 ubansa ya rasu, uwarsa ta rene shi cikin talauci. Watau tun yana ƙarami ya san ɗacin maraici.

Da ya girma ya kama noma a wata gona mai suna Neuhof. Cikin 1774 ya tara 'ya'yan talakawa a gidansa, yana koya musu kaɗi da saƙa da karatu. Amma shi ba gwanin riƙon kuɗi ba ne, cikin 1780 makarantar ta mutu, ya tsiyace.

Cikin 1798 sojan Faransa suka auka wa garin Stans, suka kashe mutane da yawa, aka bar yara ba uwa ba uba. Gwamnati ta aika da Pestalozi can. Farkon 1799 ya fara karɓar yara, har suka kai wajen 80, ba mai taimakonsa sai mace guda mai aikin gida. Yaran sun zo da ƙazuwa da kwarkwata, waɗansu sun saba da bara, ba su yarda da kowa ba. Bai fara da allo ba. Abin da suka ci shi ya ci, inda suka kwana nan ya kwana, wanda ya yi ciwo shi ya yi jiyyarsa. Sa'an da suka saki jiki da shi, karatu ya shiga. Bayan wata biyar aka karɓe gidan aka mai da shi asibitin soja.

Bai karaya ba. Ya koyar a Burgdorf, daga 1805 zuwa 1825 kuma ya riƙe babbar makaranta a Yverdon. Koyarwarsa ita ce a tarbiyyantar da kai da zuciya da hannu tare, a kuma nuna wa yaro abu ya gani ya taɓa kafin a gaya masa sunansa. Furobel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara da ya kira lambun yara cikin 1840, a wurinsa ya yi koyo. Rigimar malamai ta rushe makarantar Yverdon, shi kuwa ya rasu cikin 1827.

To, da na gama karanta wannan sai kunya ta kama ni. Na bar tsawa, na riƙa zama kusa da yarinyar nan lokacin tara, ina tambayarta gida. Ashe uwarta ce ta rasu ba da daɗewa ba. Kafin in tashi daga makarantar ta fara ƙirga tsakuwa da babbar murya.

Jama'a, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Duk wanda aka ba shi aji ɗaya, ya fara sanin sunan kowane yaro da halin gidansu, gama yaron da ke tsoronka ba zai koya daga gare ka ba. Allah ya ba mu haƙurin riƙon amanar yara, amin.