Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Jama'a, mu da muka yi Islamiyya bulala na kanmu, ya kamata mu san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, Allah Ya jiƙanta. Ta lura matan ƙauye ba su da sukunin zama gaban allo, ga surfe ga raino. Sai ta zuba musu karatun cikin waƙa, da Hausa da Fulatanci. Kowane ayarin mata ta naɗa masa jaji, ta ɗora mata malfa, su zo Sakkwato su ɗauka, su koma gida su biya wa saura. Mace tana daka tana rera tarihin Manzo (SAW). Mu kuwa nan Kurmi, 'ya'yanmu mata suna kan talla, waƙoƙin waya suka haddace tsaf.