Taƙaitaccen Tarihin Hai Rui, Ma'aikacin da Ya Gaya wa Sarki Gaskiya

An haifi Hai Rui a shekarar 1514 a tsibirin Hainan da ke kudancin ƙasar Sin, a zamanin daular Ming. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka mahaifiyarsa ce ta raine shi, ta ɗora shi a kan karatun littattafan Konfushiyas. Wannan koyarwa ta horar da Sinawa da yi wa na gaba biyayya da tsare masa mutunci a bainar jama'a. Amma kuma ita ce ta wajabta wa ma'aikaci ya yi wa shugabansa gyara in ya kauce hanya. Akasarin ma'aikatan fada sun riƙe ta farko, suka yi watsi da ta biyu.

Hai Rui ya ci jarrabawar lardi a 1549, ya yi aikin malanta, sannan ya zama hakimin gundumar Chun'an, inda ya yi suna wajen ƙin cin hanci. Da aka kai shi ma'aikatar kuɗi a Beijing, sai ya tarar Sarki Jiajing ya daɗe da ƙaurace wa zaman fada, ya duƙufa neman maganin tsawon rai, talakawa kuwa haraji ya yi musu katutu. Fadawa duk sun yi gum. Shi kuwa ya sayi akwatin gawarsa, ya yi ban kwana da iyalinsa, sannan ya miƙa wa sarki takarda wadda ta fayyace laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya.

A 1566 aka jefa shi kurkuku da hukuncin kisa a kansa, sai dai sarkin ya mutu a farkon 1567 kafin a zartar. Da labarin ya iske shi, maimakon murna sai ya fashe da kuka, domin a ganinsa gyaran da ya yi biyayya ce.

An sake shi, a 1569 ya zama gwamna a yankin Nanjing, ya tilasta wa masu hali mayar da gonakin talakawa. Ba a jima ba suka sa aka tuɓe shi. Ya rasu a 1587, bai bar ko kuɗin jana'izarsa ba sai da aka yi karo-karo.

Har yau ma'aikata da yawa a Sin sun fi son keɓewa da shugaba su ba shi shawara a asirce, don kada ya ji kunya. Duk da haka, sunan Hai Rui suke ambata in ana maganar ma'aikaci nagari.