Abebe Bikila: Dogarin da ya ci zinare a Rum ba takalmi

A shekarar 2023, Tigst Assefa ta Habasha ta kafa tarihi a gudun yada-ƙanin-wani na Berlin, sanye da takalmin Adidas na dala 500. Shekara 63 kafin nan, wani ɗan ƙasarta ya lashe irin wannan gudu da tafin ƙafarsa.

An haifi Abebe Bikila ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato. Ya yi kiwo yana yaro, daga bisani ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie, inda mai horaswa Onni Niskanen ya gano baiwarsa.

A gasar Olamfik ta Rum a 1960, takalmin da ya samu ya fito masa da bororo tun wurin atisaye, sai ya shiga gudun ba takalmi. Ya gama kilomita 42 cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik. Wurin da ya ƙara wuta ya bar abokin takararsa ɗan Maroko ba ƙaramin wuri ba ne: gindin hasumiyar Aksum, wadda gwamnatin Mussolini ta kwaso daga Habasha a 1937. Sai a 2005 Italiya ta mayar da ita.

Ya sake cin zinare a Tokyo a 1964, da takalmi wannan karon, kimanin mako shida bayan an yi masa tiyata. Haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969. Ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41.